Karayar Ƙashin Ƙugu: Darasin da Ya Kamata Ya Fito Daga Aji Zuwa Bakin Titin Kadawa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya a lokacin kakar tumatir ya san irin hada-hadar da ake yi daga Kura zuwa Kadawa har Kwanar Gafan. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ke gangarowa ta magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, aka wayi gari ƙasar da a da ke zaman jiran damina tana ba da shinkafa da alkama da albasa da tumatir har cikin rani. Arzikin ya zo da ababen hawa: manyan motoci masu kai kwanduna Legas, da a-kori-kura, da taraktoci, da babura, da leburori zaune a ƙololuwar kaya. Inda duk irin waɗannan suka haɗu da mutanen da ke tsallaka titi, haɗari ba ya zama baƙo.

A ɗauka mota ta banke wani saurayi a kan babur yana dawowa daga gona. Kafin ƙiftawa da bisimilla jama'a sun kewaye shi. Idonsa biyu, yana magana, babu jini a ƙasa in ban da 'yar ƙujewa a gwiwa, kukansa dai ƙugu. Wani ya ce a tayar da shi a ga ko zai iya takawa. Wani ya danna masa kwatangwalo don ya ji inda ke ciwo. Daga nan mutum biyu suka kama hannuwa, biyu suka kama ƙafafu, aka cusa shi a kujerar bayan mota a lanƙwashe, aka ba shi ruwa don ya ce yana jin ƙishirwa. Kowa a wurin alheri ya nufa. Amma idan ƙashin ƙugunsa ne ya karye, kusan duk abin da aka yi masa gyaran gangar Abzinawa ne, kuma ba abin mamaki ba ne a isa Kano da gawa, a koma ana cewa ai da bakinsa ya yi magana.

Irin wannan asara tana da magani mai arha. Ya kamata a koya wa ɗaliban sakandare da direbobi da manoman wannan yanki yadda ake gane alamun karayar ƙashin ƙugu, da yadda ake ɗaure shi da zane kafin a ɗaga mutum daga ƙasa. Hujjar haka tana cikin ginin jikin ɗan Adam.

Yadda Aka Gina Ƙashin Ƙugu

Ƙashin ƙugu zobe ne da ƙasusuwa uku suka haɗa. Akwai manyan ƙasusuwan kwatangwalo biyu, na dama da na hagu, waɗanda suka haɗu da juna a gaba, a ƙasan mara, inda guringuntsi ya liƙe su. A baya kuma kowannensu ya manne da wani faffaɗan ƙashi da ke gindin ƙashin baya, ƙaƙƙarfan jijiyoyi na riƙe da mahaɗar. Wannan zobe shi ke karɓar nauyin gangar jiki ya miƙa wa ƙafafu. A cikinsa, kamar kaya a ƙwarya, mafitsara take da ƙarshen hanji, da mahaifa ga mata. A jikin bangonsa kuma hanyoyin jini ne birjik: manyan da ke kai jini ƙafafu, da wata saƙa ta siraran jijiyoyi masu mayar da jini zuwa zuciya, waɗanda ke kwance daf da ƙashi.

Zobe mai tauri yana da wata ɗabi'a da kowane yaro zai iya gwadawa da ƙuli-ƙuli mai kamar awarwaro: da wuya a karya shi a wuri ɗaya kawai. Haka ƙashin ƙugun baligi yake idan bugu mai ƙarfi ya same shi. In ya tsage a gaba, sau da yawa akwai wata tsagar a baya. Tun a shekarar 1847 wani likitan tiyata na Faransa, Malgaigne, ya bayyana irin wannan karaya mai tsaga biyu. Idan bugun ya zo ta gaba, kamar yadda kan faru ga mai babur, mahaɗar gaba kan rabu, ɓangarorin biyu su wage. Likitoci na kwatanta wannan da littafin da aka buɗe. Idan ta gefe ne, kamar wanda mota ta matse da bango, ɓangare ɗaya kan lotsa ciki. Idan kuwa faɗowa aka yi daga saman lodi aka dira da ƙafa ɗaya, ɓangare ɗaya kan zame ya yi sama.

Jinin da Ido Ba Ya Gani

Baligi matsakaici yana da jini kimanin lita 5, wato kwatankwacin ledar ruwan fiya-wata 10. Idan ya rasa lita 2, ransa na cikin haɗari ƙwarai. Sararin da ke cikin ƙugu da bayan kayan ciki kuwa yana iya shanye lita 3 zuwa 4 ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Saboda haka mutum na iya zubar da fiye da rabin jininsa alhali rigarsa a bushe take.

Abin da ya ƙara rikita al'amarin shi ne ƙoƙarin da jiki ke yi don ya ɓoye asarar. Zuciya kan ƙara sauri, hanyoyin jinin fata da na gaɓɓai su tsuke, a karkatar da ragowar jinin zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya. Matashi mai ƙarfi yana iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa kafin awon hawan jini ya nuna faɗuwa. Wannan ne dalilin da ya sa saurayin can ke magana tiryan-tiryan. Ƙishirwar da yake kuka da ita, da sanyin tafin hannunsa, da zufar goshinsa, su ne shaidar abin da ke gudana a ciki.

Sai dai akwai abin da ke ba da fata. Mafi yawan zubar jinin wannan karaya, sama da kashi 80 cikin 100, daga jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya take fitowa da kuma bakin ƙashin da ya karye. Jinin waɗannan hanyoyi ba shi da ƙarfin tunkuɗa, don haka yana iya daskarewa ya toshe kansa idan aka bar wurin ya natsu. Manomin Kadawa ya fi kowa fahimtar wannan. Idan kunya ta ɓalle ruwa na malala, yakan cika ɓarakar da laka ya danne, sa'an nan ya hana kowa taka wurin, domin ko yaya aka motsa ɗanyar laka ruwa zai kwashe ta. Gudan jinin farko shi ne wannan laka, kuma shi ne mafi inganci, domin sinadaran da jiki ke daskarar da jini da su suna raguwa a duk lokacin da aka sake sabon toshi. Duk juyi, duk dannawa, duk ramin titi da mota ta faɗa da majiyyaci a lanƙwashe, yana goga bakin ƙashi da ɗan'uwansa ya ɓalle toshin.

Abin da Zane Ke Yi

Ɗaurin ƙugu yana yin aiki uku. Yana mayar da ɓangarorin da suka wage kusa da juna, yana hana bakin karaya motsi don gudan jini ya zauna, yana kuma rage zafin ciwo. A shekarun 1970 da 1980 masu motocin ɗaukar majiyyata a Amurka sun yi amfani da wani wando da ake hura wa iska ya matse ƙafafu da ciki. Daga baya aka yi watsi da shi saboda illolinsa da kuma yadda yake tare wa likita wurin dubawa. A shekarar 2002 likita Routt da abokan aikinsa na birnin Seattle suka wallafa bayanin wata dabara mai sauƙi: a naɗe zanen gado, a zagaya ƙugu da shi, a ja a ƙulle. Yau akwai ɗamaru na musamman da kamfanoni ke ƙerawa don wannan aiki, amma inda babu su zanen nan yana biyan bukata. Zane kuwa ba ya wuya a ƙasar Hausa. Zanen ɗaurawa, ko mayafi mai kauri, ko zanen gado, ko rawani da aka ninka da faɗi, kowanne zai yi.

Muhimmin abu shi ne gurbin da ake ɗaurawa, kuma a nan ne har ma'aikatan lafiya kan yi kuskure. Ba a inda ake ɗaura tazugen wando ake sa shi ba. Mai karatu ya miƙe tsaye ya saki hannuwansa, ya shafa gefen katararsa daidai inda wuyan hannunsa ya sauka, zai ji wani tudun ƙashi mai motsi idan ya juya ƙafa. Wannan tudu kan ƙashin cinya ne, kuma a kansa tsakiyar zanen za ta zauna, dama da hagu, daidai da ƙashin ƙasan mara ta gaba. Matsi a wannan gurbi yana bi ta ƙashin cinya ya rufe zoben. Wani bincike da likitocin sojan Birtaniya suka wallafa a 2011 kan waɗanda suka ji rauni a Afganistan ya nuna cewa kusan 4 cikin kowace ɗamara 10 an ɗaura su sama da inda ya dace, kuma a irin waɗannan tsagar ƙashin ta fi zama a buɗe. Idan har horarru na kuskure haka, lallai aikin yana bukatar a gwada shi da hannu, a maimaita, tun kafin ranar bukata.

Matakan Taimako

Da farko a tsare wurin, a tsayar da motoci daga nesa don kada a sami haɗari na biyu, wani kuma ya kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar gaggawa 112. A tabbata majiyyaci na numfashi, kuma in akwai rauni mai zubar da jini a waje a danne shi da tsumma mai tsabta.

Na biyu, a yi zaton karayar ƙugu idan bugun mai ƙarfi ne, kamar bankewar mota, ko kifewar tarakta, ko faɗowa daga saman lodi, kuma mutum na kukan ƙugu ko mara ko gindin baya. Sauran alamu su ne ƙafa ɗaya ta gajarce ko ta juya waje, ko jini ya fito ta mafitsara, ko cikin fatar ido ya yi fari, jiki ya yi sanyi, bugun zuciya ya yi sauri, hankali ya fara gushewa. Wanda ya suma bayan irin wannan bugu, a ɗauka yana da karayar har sai hoton asibiti ya nuna babu. Kada a danna ƙugun ko a girgiza shi don gwaji, kada kuma a ce ya tashi ya taka.

Na uku, a fitar da waya da makullai daga aljihunsa don kada su nutse cikin fata. A ninka zane faɗinsa ya kai kimanin taƙi ɗaya, wato santimita 20 ko ɗan fiye. A zura shi ta ƙarƙashin gwiwoyi, inda akwai sarari tsakanin jiki da ƙasa, mutum biyu su riƙa jan sa a hankali zuwa sama har ya kai tudun ƙashin nan, ba tare da an mirgina majiyyaci ba. A haɗa ƙafafunsa a natse, 'yan yatsu na duban ciki, a sa tsumma tsakanin gwiwoyi, a ɗaure gwiwoyin da idon sawu. In ƙafar kanta ta karye har ta lanƙwashe, kada a tilasta mata. Sa'an nan mutum biyu su ja bakunan zanen, kowa ya ja zuwa ɓangaren ɗan'uwansa, a hankali ba da fizga ba, har ya kama sosai, a ƙulle. A rubuta lokacin da aka ɗaura a takarda ko a jikin zanen.

Na huɗu, a nemo abu shimfiɗaɗɗe mai tauri, kamar ƙyauren ɗaki ko faffaɗan katako ko benci. Mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi baki ɗaya, ɗaya na riƙe da kai da wuya daidai da gangar jiki, domin bugun da ya karya ƙugu yana iya taɓa ƙashin baya. Bayan a-kori-kura, inda zai kwanta a miƙe, ya fi kujerar ƙaramar mota. A lulluɓe shi da bargo, musamman da yake kakar tumatir kan faro ne cikin hunturu, jini kuwa ba ya daskarewa yadda ya kamata idan jiki ya yi sanyi. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin yana iya shaƙewa da amai, kuma mai yiwuwa tiyata na jiransa. Direba ya yi tuƙi a natse. A nan ma sauri kan haifi nawa.

Na ƙarshe, a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da ajiyar jini. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, da Asibitin Ƙashi na Dala. 'Yan'uwa masu lafiya da za su iya ba da jini su bi bayansa nan take. Kada kowa ya kwance ɗaurin a hanya don ya leƙa. Likita ne zai kwance, kuma ba a so ya wuce sa'a 24 saboda yana iya cin fata.

Ga Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Akwai masu cewa aikin likita ne, kuma sa hannun wanda bai yi karatun lafiya ba haɗari ne. Tsoron yana da tushe. Ɗauri a ciki maimakon katara ba ya amfani, yana ma iya takura numfashi. Ja fiye da kima ga wanda ƙugunsa ya lotsa ciki yana iya ƙara lotsa shi. Tsohuwar da ta zame a tsakar gida ta karya wuyan ƙashin cinya ba wannan ɗauri take bukata ba. Kuma gaskiya ne cewa zane ba ya tsayar da babbar jijiya mai feshin jini idan ita ce ta tsinke. Wannan sai tiyata. Amma tambayar da ta dace ita ce: wa ke fara isa wurin haɗari tsakanin Kura da Kwanar Gafan? Manomi ne da direba da ɗan makaranta. Ko an koya musu ko ba a koya ba, su za su ɗauki majiyyacin. Zaɓin da ya rage shi ne su ɗauke shi da sani ko da jahilci.

An kuwa gwada irin wannan horo a maƙwabta. Tsakanin 1998 da 2000 likita Charles Mock da abokan aikinsa a ƙasar Gana suka ba direbobin haya 335 horon sa'o'i 6 kan taimakon farko, domin sun lura cewa direbobi ne ke kai yawancin waɗanda suka ji rauni asibiti. Da aka waiwaye su bayan watanni, an tarar da yawa daga cikinsu sun yi aiki da abin da suka koya, kamar buɗe hanyar numfashi, da tsayar da jini, da ɗaure karaya. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora mai goyon bayan horar da irin waɗannan mutane a ƙasashen da motocin asibiti ba su wadata ba.

Wasu kuma za su ce ai akwai masu ɗori, kuma sun gaji sana'ar kaka da kakanni. Ba a raina gwanintarsu ga karayar da ta tsaya a ƙashi. Amma mai karayar ƙugu jini ne ke neman kashe shi a sa'o'in farko, mai ɗori kuwa ba shi da jinin ƙari, ba shi da na'urar hoto, kuma ja da murzar da ɗori ya ƙunsa su ne ainihin abin da ke ɓalle gudan jini. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Binciken CRASH-2, wanda aka wallafa a 2010 bayan gwaji kan majiyyata sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da Nijeriya, ya nuna cewa wata allura mai arha, tiranizamik, tana rage mutuwa daga zubar jini. Nazarin da ya biyo baya ya nuna sai an yi ta cikin sa'o'i 3 na farko take amfani. Duk sa'ar da aka ɓata a zauren mai ɗori daga cikin waɗannan ukun aka cire ta.

Sai batun kunya, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Ƙugu wuri ne da ake jin nauyin taɓawa, balle idan mace ce ta ji rauni a tsakiyar maza. Ɗaurin nan ana iya yin sa a kan tufafi, ba sai an tuɓe kowa ba. Wannan kuma babban dalili ne na koya wa 'yan mata tare da maza, domin mata da yawa na aikin tsinkar tumatir da sussukar shinkafa a gonakin yankin, suna kuma hawa motocin da maza ke hawa. Masu tsoron kada taimako ya jawo musu tuhuma ko asibiti ta ƙi karɓa kuwa, ya kamata su san cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowace cibiyar lafiya ƙin ba da kulawar gaggawa.

Abin da Ya Rage ga Makarantu

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa haɗarin hanya na kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato tsaran ɗaliban da ke karanta wannan shafi. Manhajar nazarin halittu ta babbar sakandare tana da darasin ƙwarangwal, inda ɗalibi ke zana ƙashin ƙugu ya haddace sunayen sassansa don jarrabawa. Ƙarin minti 40 ya isa malami ya shimfiɗa tabarma, ɗalibi ɗaya ya kwanta, sauran su lalubo tudun ƙashin cinya a jikinsu, su gwada zura zane da ɗaurawa da ɗagawa baki ɗaya, maza daban mata daban. Kayan aikin zane ne da benci. Shugaban makaranta na iya gayyato ma'aikacin jinya daga asibitin da ke kusa, ko jami'in Ƙungiyar Agaji ta Red Cross, ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya duba ya gyara kuskure, domin karatu a takarda ba ya maye gurbin gwaji a gaban masani.

Daga makaranta sai tasha da kasuwa da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal. Kafin kakar tumatir ta kankama, shugabannin direbobi da na masu lodi na iya ware yini guda don wannan horo, a kuma ɗora wa kowace motar kaya ajiye zane ɗaya da bargo ɗaya a bayan kujera, kamar yadda ake ajiye jak da safaya. Wannan ba ya sauke wa hukuma nauyin samar da motocin asibiti da wuraren ajiyar jini a kusa da babbar hanya. Amma ko ranar da aka samar da su, mintocin farko na hannun wanda ke tsaye a bakin titi. Ɗalibin da ya iya cewa da dattawa, cikin ladabi, “Baba, a dakata, kada a ɗaga shi tukuna, a ba ni zane,” ya yi wa garinsu aikin da ya fi makin jarrabawa.

Allah Ya tsare matafiya, Ya sa a sauka lafiya.